Haske Ba A Fuska Yake Ba



Akwai wasu kalmomi guda biyu da suka zama gishirin miya a littattafan Hausa da muke saye a kasuwa, da wuya ki buɗe littafi ki kai shafi na goma ba ki ci karo da su ba. Haske da duhu. A kansu nake son mu ɗan tattauna, domin ina ganin yadda ake amfani da su yana cutar da mai karatu ta inda ba ta zata ba, alhali kuwa muna da magabata a nan ƙasar Gobir da suka yi aiki da kalmomin nan biyu ta hanyar da ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Ki duba dai ki gani. Yarinyar kirki a littafi kullum fara ce sol, doguwa, mai gashi har gadon baya, idan ta idar da sallar asuba sai a ce wani annuri yana fita daga fuskarta har yana haska ɗaki. Muguwar ƙawa ko kishiya kuwa baƙa ce wuluk, gajera, mai jajayen idanu, ba ta fita sai da almuru, ta ja mayafi ta rufe fuska ta nufi wurin boka can bayan gari cikin kogon dutse, inda babu komai sai hayaƙi da ƙasusuwa. Tun a shafi na uku mai karatu ta gama rabon aljanna da wuta. Idan kuma Shaiɗan ya kusa cin galaba a kan jarumar, wato wani Alhaji ya tsare ta da kuɗi, ko tsohon saurayi ya dawo bayan ta yi aure, to ba ita ce ke ceton kanta ba. Ko dai ta yi mafarki da wani tsoho mai fararen kaya ya daka mata tsawa, ko kakarta ta kawo rubutun sha daga wurin malam, ko kuwa a daidai lokacin ladan ya kwaɗa kiran salla, sai kawai jikinta ya yi sanyi ta fashe da kuka. Shi ke nan, haske ya kori duhu, sai mun haɗu a littafi na biyu.

Ni ban ce mafarki ƙarya ba ne, ban kuma raina addu'a ba, wace ni. Amma don Allah yarinya baƙa 'yar shekara 15 da ke zaune a Gatawa ko Turba tana karanta irin wannan, me ta koya? Ta koyi cewa hasken Allah da hasken fata abu ɗaya ne. Kada mu yi mamaki in mun gan ta da kwalbar man bilicin a ƙarƙashin katifa. Wannan ma ƙaramar ɓarna ce. Babbar ita ce an koya mata cewa fitina tana zuwa da baƙar fuska da jan ido, saboda haka za ta gane ta tun daga nesa. Ina! Duk macen da ta kwana biyu a duniya ta san fitina da ƙamshin turare take zuwa, da sallama, da murmushi, wani lokaci ma da carbi a hannu. Hajiyar da za ta kai ki ta baro ki ba za ta fara da maganar banza ba, turmin atamfa za ta fara kawo miki, ta ce wallahi tausayinki take ji, kamar ke a ce kina fama da wannan miji. A wannan lokacin babu tsoho mai fararen kaya, ladan ma sai bayan awa uku zai kira salla. Daga ke sai abin da ke cikin kanki.

To bari mu koma baya kaɗan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, an haife shi a Maratta a 1754, ya zauna a Degel, duk a cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. Yana da wani ɗan ƙaramin littafi na Larabci mai suna Nurul Albabi, wato hasken hankula. Sunan kansa ya isa a tsaya a kansa, don hankali ya jingina wa hasken. A cikin littafin ya jero abubuwan da ya ga sun zama ruwan dare a ƙasar Hausa waɗanda addini bai yarda da su ba, kamar yanka ga itatuwa da duwatsu, da bugun ƙasa don sanin gaibu, da asirin raba mata da miji, da rubuta sunayen Allah a kan abubuwa masu ƙazanta. Kin ga ke nan bokan da muke ta zanawa a littattafanmu Shehu ya san shi. Bambancin shi ne bai kai shi kogon dutse ba. Wasu daga cikin masu wannan aikin da tawada da allo suke yi, a zaure, da rana tsaka, ana ce musu malam.

Inda littafin ya fi taɓa ni shi ne wurin da ya juya kan malamai 'yan uwansa. Ya zarge su da cewa suna zaunawa safe da yamma suna karantar da almajiran waje don a ce musu manyan malamai, amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida ba su san hukuncin alwala ba, ba su san na salla da azumi ba, ba su san na ciniki ba. Ya kwatanta yadda suke riƙon matan da yadda ake riƙon kayan aikin gida, a mora har su lalace a yar. Sannan ya waiwayo ya yi magana da matan kai tsaye, ya gargaɗe su da kada su ruɗu da masu nanata musu biyayyar miji kawai ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba, har ya ce irin su girki da wanki da ake ɗora musu ba su ne abin da shari'a ta fara wajabta musu ba. Kada wata ta ɗauki wannan ta je ta kife tukunya ta ce ni na faɗa mata. Shehu bai soke biyayyar aure ba, ya tabbatar da ita, iyaka dai ya sa mata shinge, in miji ya yi umarni da saɓon Allah to nan ta tsaya. Amma ta yaya mace za ta san an iso shingen in ba ta san inda aka kafa shi ba? Wannan ita ce tambayar da littafin ya dasa, kuma amsarsa ilimi.

Wato a wurin Shehu duhun da ya fi tsoratar da shi game da mace shi ne wanda ke cikin ɗakinta, inda aka kulle ta ba a koya mata komai ba. Bahaushe ma ya riga ya faɗa, rashin sani ya fi dare duhu. Kuma an gwada shi a kan wannan ra'ayi tun da wuri. Wajen 1786, yana yawon wa'azi, wani malami mutumin Barno mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da baitoci yana sukarsa a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, Abdullahi kuma ya adana labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Gundarin amsar shi ne, ko da an ɗauka akwai laifi a fitowar tasu, to barin su cikin jahilci ya fi shi muni, kuma in ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka. Ki lura da kyau. Shi Malam Goni tsoron fitina yake yi, maganinsa kuwa bango. Su Shehu ma tsoron fitinar suke yi, amma maganinsu karatu. Yau shekara fiye da 230 ke nan, gardamar nan ba ta mutu ba, tana nan a zaurukan gidajenmu duk ranar da aka ce za a cire yarinya daga makaranta don kada ta lalace.

Sai dai fa ina da magana a kan Nurul Albabi, ko da yake bakina bai kai ba. Littafi ne da ya kira mata ya yi musu jawabi, amma da Larabci. Matar da aka bari ba ta san farillan alwala ba, ta ina za ta karanta Larabci ta ji an tsaya mata? Dole sai ta hannun mijin nan da ake zargi saƙon zai iso gare ta, kamar a ba kura ajiyar nama. Wani abin mamaki, an fassara littafin nan zuwa Faransanci an buga a Aljeriya tun 1897 zuwa 1898, ke nan Turawan Faransa sun karanta abin da Shehu ya ce game da mu tun kafin da yawa daga cikin kakanninmu su ji shi.

Wadda ta toshe wannan giɓi ita ce ɗiyarsa, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ta gane cewa macen da ke daka da surfe ba ta da hannun riƙe littafi amma tana da baki da kunne. Sai ta zuba karatun a waƙa. Ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyoyin matan karkara da ke tasowa daga ƙauyukansu su zo wurinta ɗaukar karatu, kowace ƙungiya da shugabarta da ake kira jaji. Jaji ta haddace waƙa, ta koma gida ta koyar. Asma'u kan naɗa jaji da malfa da jan ƙyalle, kuma Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato ta rubuta tarihinta a 1989, ta nuna cewa malfar nan irin wadda Innar Gobir ke sawa ce, wato shugabar mata kuma uwar bori a fadar Gobir. Wannan hikima ta burge ni ƙwarai. Ba ta ce wa matan Gobir duk abin da kuka sani duhu ne ku zubar ba. Ta ɗauki alamar da suka saba girmamawa ta aza a kan mai karatu.

Amma nan ma akwai inda aka bar baya da ƙura. Waɗanda ke yin tafiyar yawanci 'yan mata ne da ba su yi aure ba da kuma tsofaffi. Matar aure mai goyo, wadda ita ce ke tsakiyar kishi da talauci da zugar ƙawaye, tana gida, sai abin da aka kawo mata. Ita ce ta fi kowa buƙatar fitilar, ita ce kuma ta ƙarshe da ake miƙa wa. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka yawaita daga shekarun 1980 sun rage wannan, a birane. A ƙauyukanmu na gabashin Sakkwato kuwa har yanzu da saura.

Tunda na ambaci Gobir bari in ɗan ratse. Mu da muka tashi tsakanin Isa da Sabon Birni, kufan Alƙalawa yana nan kusa da mu, birnin da ya faɗi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa. Yadda wasu ke ba da tarihin nan, sai su raba shi gida biyu kamar littafin soyayya, can haske, nan duhu, Bagobiri da tsagensa shi ne baƙar kishiya. Tarihin bai yi wannan sauƙin ba. Bawa Jan Gwarzo Sarkin Gobir ne, shi ne kuma a Magami ya amsa wa Shehu buƙatunsa, ciki har da izinin yin wa'azi da sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sannan waƙar nan Tabbat Haƙiƙa da kowa ya sani a ƙasar Sakkwato, wadda Shehu ya yi da Fillanci, Asma'u da ɗan uwanta Isa suka fito da ita da Hausa, ai gargaɗinta ya hau kan masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa na cikin jama'ar Shehu kanta, bayan an ci yaƙi. Ma'ana wanda ya yi zalunci yana cikin duhu ko a wane ɓangare ya yi yaƙi. Ina faɗin wannan ne don na ga yau ma an fara shafa wa ƙabila sukutum baƙin fenti saboda aikin wasu 'yan ta'adda daga cikinta, kuma marubuci in bai yi hattara ba alƙalaminsa zai zama buroshin shafawa.

Malaman tafsiri sun lura da wani abu, cewa a cikin Alƙur'ani kalmar haske kullum tilo take zuwa, ta duhu kuwa jam'i, wato duffai. Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana dogon sharhi ba. A watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da namu biyu. A Disamba na shekarar aka tare mota kusa da Gidan Bawa aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikinta. A Agusta na 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan ya yi makonni a hannunsu. Tun 2019 dubban mata da yara suka tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi, wasu suka watsu a garuruwa suna kwana a kangwaye. Duhun tsoro daban, na yunwa daban, na takaba da marayu biyar daban.

To a irin wannan hali mece ce fitina? Ba saurayi mai Marsandi ba ne. Fitina ita ce a ce wa bazawara mai 'ya'ya ga dubu biyar, ki kai wannan burodi da wannan galan na fetur bakin daji, babu wanda zai tambaye ki. Ko a ce ki dai faɗa mana gidan wa aka kawo kuɗin sayar da shanu. Ko wani mai shago ya ce wa yarinya 'yar gudun hijira ta dawo bayan isha'i ta karɓi tiyar gero. Ko a ce ki kawo ɗan kunnenki na ƙarshe a karɓo miki layar da harsashi ba ya huda mai ita. Duk mai kawo waɗannan maganganu fuskarsa sananniya ce, wani ma ɗan uwa ne. Annurin fuska ba ya aiki a nan. Abin da zai yi aiki shi ne matar ta san, sani na haƙiƙa ba jita-jita ba, cewa wanda ya nuna gida yana da kamasho a jinin da aka zubar, cewa lalura tana da iyaka kuma ran wani ba ya cikin abin da take halattawa, cewa mai sayar da layar shi ma in ya ji harbi gudu yake yi. Ko misalin da aka buga na haske a aya ta 35 ta Suratun Nur da fitila aka buga shi, mai ƙwai da mai. Kowace mace ta san fitilar ƙwai ba a kunna ta sau ɗaya a ce an gama. Kullum sai an goge ƙwan, an gyara lagwani, an duba kananzir tun da sauran rana.

Ba kuma zan yaudare ki in ce sani kaɗai yana cika ciki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yunwa kuwa babbar tsaga ce. A nan ne nake jinjina wa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, domin ita ta kauce wa tarkon da na faɗa a farko. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara ba mafarki ne ya tsare mata mutunci ba, tukunyar abincin sayarwa ce. A Wa Zai Auri Jahila? kuma, Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, da ta gudu Kano karatu ta koma har ta zama ma'aikaciyar jinya, sannan ta iya duban wanda ya taɓa kiran ta jahila ido da ido. Ina da ƙorafi a kan ƙarshen labarin Rabi, yadda aka taru aka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta bayan wuta ta cinye masa rumfa, abin yana tsaya mini a wuya duk lokacin da na karanta, ko da yake na san haka ake yi a gidajenmu, marubuciyar ba ta ƙara gishiri ba. Amma dai a littattafan nan biyu za ki ga mace tana tunani, tana auna abu, tana zaɓa. Mai karatu tana iya bin sawun tunanin ta ɗauka ta yi amfani da shi ranar da tata ta kawo ta. Mafarkin jaruma kuwa ba a aronsa.

A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano wai don suna ɓata tarbiyya. Ban goyi bayan wannan ba, dabarar Malam Goni ce aka sake da ashana. Amma 'yan uwana marubuta, mu ma sai mun ba masu kare mu abin da za su riƙe. Shafin da nake jira in karanta shi ne wanda za a nuno mini mace baƙa, gajera, mai tsagen Gobir a kumatu, tana zaune a kangon makarantar firamare da yara uku suna barci babu abincin dare, ga ƙanen mijinta tsugune a bakin ƙofa da kuɗi a hannu yana cewa sunan gida ɗaya kawai ake so. A bar ladan ya yi barcinsa, a bar kaka da rubutunta a gida. A shigar da ni cikin kan matar nan in ji abin da malamar Islamiyya ta taɓa karantar da ita shekara shida da suka wuce, in ji yadda kukan cikin ƙaramin yaron yake gardama da karatun, in ji lissafin da take yi na ɗan jarin ƙuli-ƙuli da maƙwabciya ta yi mata alkawari ranar kasuwa, da kwana nawa suka rage kafin ranar kasuwar.